Yadda Wata Ɗaliba Ta Buɗe Kantunan Nashbil

A shekarar 1959 wata yarinya baƙar fata, sunanta Diane Nash, ta baro Shikago ta shiga Jami'ar Fisk a birnin Nashbil, cikin Jihar Tenesi ta Kudancin Amurka. Shekarunta 21 a lokacin. Da isarta ta tarar da abin da ba ta saba gani ba, watau an raba wa jama'a wurin zama bisa ga launin fata. Baƙi yana da iznin shiga babban kanti ya sayi tufa da kuɗinsa, amma in yunwa ta kama shi ba shi da iznin zama a teburin abinci na wannan kanti.

Ba fushi kaɗai ta yi ba, sai ta nemi inda za ta koyi abin yi. Akwai wani malami, James Lawson, wanda ya zauna Indiya shekara 3 ya nazarci hanyar Gandhi. Shi ya riƙa tara ɗalibai da maraice yana koya musu yadda za su tsaya kan hakkinsu ba tare da ramuwa ba. Sukan gwada abin a tsakaninsu: wasu su zauna, wasu su zage su, su ture su ƙasa, don kowa ya san ko zai iya daurewa. Wannan horo, wanda suka yi watanni suna yi, shi ne asalin nasararsu.

Ran 13 ga watan Fabrairu 1960 ɗalibai fiye da 100 suka yi shiga mai tsabta, suka zazzauna a teburan kantunan, suka nemi a sayar musu da abinci. Aka ƙi. Ran 27 ga watan wasu samari fararen fata suka auka musu da duka, amma waɗanda aka daka su 'yan sanda suka kama, kimanin mutum 80. Alƙali ya yanke musu tarar dala 50 kowanne. Diane da waɗansu suka zaɓi kurkuku, gama a ganinsu biyan tara yarda ce da zalunci. Iyaye kuwa suka daina sayayya a kantunan, ciniki ya faɗi.

Ran 19 ga Afrilu aka jefa bom gidan lauyansu, Alexander Looby. A ranar dubban mutane suka taka shiru har ofishin Magajin Gari, Ben West. Nan a bainar jama'a Diane ta tambaye shi ko yana ganin daidai ne a ware mutum saboda launin fatarsa. Ya amsa cewa ba daidai ba ne. Ran 10 ga Mayu kantuna 6 suka fara ba baƙaƙe abinci a teburinsu.

A 1961 ta yi kwana 30 a kurkukun Rock Hill, kana ta ajiye karatu ta koma aikin jama'a ɗungum, har da taimakon talakawan Misisipi su shiga rajistar zaɓe. A 2022 Shugaba Biden ya ba ta Lambar 'Yanci ta Shugaban Ƙasa.