Abin da korona ta tarar a ƙarƙashin babbar riga

Ranar 23 ga Maris, 2020, hukumar NCDC ta sanar da mutuwa ta farko da korona ta haddasa a Najeriya, kuma a nan Abuja aka yi rashin. Marigayin shi ne Suleiman Achimugu, tsohon shugaban kamfanin PPMC, mai shekara 67. Sanarwar ta ƙara da wani bayani da bai ja hankali sosai ba a lokacin: yana fama da ciwon suga da kansar ɓargo.

Irin wannan bayani ya yi ta maimaituwa a asibitocin duniya. Cutar ta fi tsananta ga wanda ta tarar da wata larura a jikinsa, kamar hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya ko na ƙoda. Sai kuma ƙiba, wadda mu nan ba ma lissafa ta cikin cututtuka. Idan ma'aikaci ya samu ƙarin girma, tumbi ya biyo baya, barka ake yi masa, a ce hutu ya karɓe shi.

Likitoci sun bayyana yadda abin yake. Kitsen ciki yana tokare huhu daga ƙasa, ya hana shi buɗewa yadda ya kamata, don haka mai teɓa kan shiga jinya da numfashin da dama bai cika ba. Kitsen kan kuma jawo wani kumburi na ɓoye da ke raunana garkuwar jiki, ya sauƙaƙa daskarewar jini a jijiyoyi. Hatta kwantar da majinyaci rubda ciki, dabarar da ta taimaki mutane da yawa a sashen kulawa ta musamman, wuya take yi idan jiki ya yi nauyi. Boris Johnson, firaministan Birtaniya na lokacin, ya kwanta a irin wannan sashe a Afrilun 2020, daga baya ya amsa da bakinsa cewa ƙibarsa ta yi yawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa kan korona ranar 5 ga Mayu, 2023, amma rayuwar ma'aikacin tarayya tana nan yadda take. Ya zauna a mota daga Kubwa ko Nyanya, ya zauna a Sakatariya, a taro a dire masa lemon kwalba, da dare ya biya wurin mai tsire. Hadiman manya kuwa sai maigida ya tashi suke cin abinci, ko da sha ɗayan dare ne. Hawan jini da suga na iya shekaru a jikin mutum ba tare da wata alama ba.

Awon bai da wuya. Mutum mai tsayin mita 1.7 da ya kai kilo 87 ya shiga sahun masu ƙiba a ma'aunin BMI, wato ya haura 30. Tef ɗin tela ma ya isa: ƙugun da ya wuce santimita 102 ga namiji, ko 88 ga mace, dalili ne na zuwa asibiti a auna jini da suga.