ABINCI DA MOTSA JIKI GA MA'AIKATAN JAMI'A

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya cikin 1962, bayanta kuma an kafa waɗansu a Kano da Sakkwato da Maiduguri. Aikin da ake yi a cikinsu aikin zama ne. Malami yana duban takardu, akawu yana bisa tebur tun safe har la'asar, in an tashi kuma sai a shiga mota. Da yawa daga cikinsu 'ya'yan manoma ne, sun saba da malmalar tuwon da ake tuƙa wa mai huɗa. To, an bar garma, amma ba a rage malmala ba. Abincin da jiki bai ƙone shi da aiki ba shi ke zama kitse, daga nan sai teɓa, sai hawan jini da ciwon sukari.

Mugun abu ga hawan jini shi ne yakan daɗe bai nuna alama ba, har ya kai ga shanyewar ɓarin jiki ko lalacewar ƙoda. Awo kaɗai ke tona shi. Wanda awonsa ke kai 140 bisa 90 a kai a kai, lalle ya ga likita.

Game da abinci, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da baligi zai ci a yini ya kai giram 5, watau kimanin ƙaramin cokalin shayi guda. A lura, dunƙulen da ake sa wa miya cike yake da gishiri, daddawa ta fi shi. A rage sukari a shayi, da lemon kwalba, da soye-soye. Gero da dawa da acca da wake sun fi farar shinkafa da burodi riƙe ciki. Ganye da 'ya'yan itace kuwa, irin su zogale da rama da alayyafo da gwanda da gwaiba, ana son giram 400 a yini.

Game da motsa jiki, hukumar ta ce aƙalla minti 150 a mako. Tafiya da sauri ta minti 30, kwana biyar, ta wadatar. Wanda gidansa ke kusa ya tafi ofis a ƙasa ko a keke. Wajibi ne shugabannin jami'a su kula da abin da ake dafawa a gidajen abincinsu, su buɗe wa ma'aikata filayen wasa, su kuma shirya musu awon jini a asibiti ko da sau ɗaya a shekara.

Wannan gargaɗi bai tsaya ga mutanen jami'a ba. Hakimi da ke wuni a zaure yana sauraron jama'a, da magatakardansa da ke zaune gabansa da alƙalami, halinsu ɗaya ne da malamin Samaru. Ana fatan hakimai su fara da kansu, sa'an nan su bayyana wa dagatai da masu unguwa. Rigakafi ya fi magani.