Girgizar Ƙasar Accra Ta 1939 Da Bangon Da Muke Ginawa A Dutse

Ranar Alhamis, 22 ga Yuni, 1939, tsakanin magariba da lisha, wajen ƙarfe bakwai da minti ashirin, ƙasa ta motsa a ƙarƙashin birnin Accra da ke bakin teku a ƙasar Gana ta yau. Ko minti ɗaya ba a yi ba ta tsaya. Da aka natsu aka ƙirga, mutum 17 sun rasu, 133 sun jikkata, gidaje masu yawa sun zube ko sun tsage yadda ba sa kwanuwa, musamman a tsofaffin unguwannin James Town da Ussher Town. An ƙiyasta ƙarfin girgizar a kusan maki 6.5, cibiyarta kuma tana cikin teku daura da gaɓa. An ji motsinta har Legas da Ibadan.

Mutanenmu suna garin a daren. Fataucin goro ya daɗe da kai Hausawa ƙasar Gonja, bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 kuma da yawa suka gangara kudu, suka tarar da 'yan'uwansu da aikin soja ya riga ya kai bakin ruwa. A 1939 Sabon Zango, unguwar da Malam Baƙo ya kafa, ta yi shekara ashirin da ɗoriya, Nima kuwa tana tasowa. Saboda haka idan ana lissafin girgizar ƙasar da ta taɓa rutsawa da al'ummar Hausawa a gidajensu, ta Accra ce kan gaba, ko da yake da wuya ka ji ana ambatonta a Kano ko Dutse.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a labarin shi ne ƙarancin waɗanda suka mutu. Girgiza mai wannan ƙarfi, a babban birnin mulki, amma mamata ba su kai ashirin ba. Lokacin da ta zo ya taimaka ƙwarai: da sauran dare, mutane suna waje, wasu na girki a tsakar gida, wasu na hira a ƙofar gida, ba a shiga ɗaka an kwanta ba. Galibin gidajen ba benaye ba ne. Gobara ba ta biyo baya ba, teku kuma ba ta hauro ta ci gari ba.

A ajiye wannan kusa da abin da ya sami Agadir, wani birnin bakin teku a Maroko, ranar 29 ga Fabrairu, 1960, cikin watan azumi. Ƙarfin girgizar maki 5.8 ne, ƙasa da ta Accra. A ma'aunin girgizar ƙasa ƙarin maki ɗaya na nufin ƙarfin da ya fito ya ninka kusan sau 32, don haka tazarar da ke tsakanin su biyun ba ƙarama ba ce. Duk da haka Agadir ta rasa mutum 12,000 zuwa 15,000, kusan kashi ɗaya cikin uku na mazaunanta. Girgizar ta zo saura kaɗan sha biyun dare, cibiyarta ba ta da zurfi kuma tana dab da garin, gine-ginen kuwa na dutse da ƙasa ne da benayen da ba a ɗaure su da kyau ba. Lambar da ake karantawa a rediyo ba ta faɗin yawan gawa. Bango ne ke faɗa, da ƙasar da aka kafa shi a kai, da sa'ar da abin ya zo.

To me ya kawo girgiza Accra tun farko? Ɓawon duniya a rarrabe yake gida-gida, manyan faifai ne na dutse da ke tafiya a hankali, 'yan santimita a shekara. Inda biyu suka haɗu suna gugar juna, nan girgiza ta fi yawa, shi ya sa Japan da Turkiyya da Indonesiya ba sa hutawa. Afirka ta Yamma tana tsakiyar faifanta, nesa da gefe, wannan ne ya sa ake ce mana muna zaune lafiya. Gaskiya ne, amma da saura. Lokacin da Afirka ta rabu da Kudancin Amurka, tekun Atalantika ta buɗe, fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, dutsen ƙarƙashin yankin ya samu tsage-tsage masu zurfi da ba su warke ba. Manyan tsage-tsage biyu ne suka shafi Accra: ɗaya ta gangaro ta tsaunukan Akwapim daga arewa maso gabas, ɗaya ta bi gefen teku, suka haɗu a yammacin birnin, wajen Weija. Matsi yana taruwa a kansu shekara da shekaru, ran da dutsen ya kasa riƙewa sai ya zame a lokaci guda.

Ba ranar ta fara ba. A 1636 girgiza ta rufta ramin haƙar zinariya na Turawan Fotugal kusa da Axim, ta binne masu haƙa. A Yulin 1862 wata ta lalata ganuwoyin Turawa da ke Accra, har benen fadar Christiansborg ya rushe aka sake shi da katako. Shekara goma sha biyar bayan wannan, a 1877, Ingila ta ɗauke hedikwatar mulkinta daga Cape Coast ta kawo Accra ɗin. Mantuwar hukuma ba yau ta fara ba.

Wanda ya bi diddigin ta 1939 shi ne N. R. Junner, shugaban hukumar binciken ƙasa da ma'adinai ta Gold Coast, kamar yadda ake kiran Gana a lokacin. Rahotonsa ya fito a 1941, har yau masana suna komawa gare shi. Babban abin da ya fito fili a ciki shi ne ɓarnar ba ta zo daidai a ko'ina ba. Gidan da ke zaune kan dutse mai tauri ya sha da sauƙi. Wanda ke kan rairayi, ko laka, ko ƙasar fadama kusa da tafki da bakin kogi, ya fi jin jiki. A wasu wuraren masu dausayi ƙasa ta tsage, ruwa da yashi suka ɓuɓɓugo. Dalilin ba shi da wuyar ganewa. A ɗora dutsen niƙa da kwanon kunu a kan tabarma ɗaya, a fizgi tabarmar: dutsen zai ɗan gusa ya tsaya, kunun kuwa zai yi ta tangaɗi yana zuba bayan an saki. Ƙasa mai laushi tana ƙara wa motsin girma, tana kuma tsawaita shi. Idan ta jiƙe da ruwa sosai takan saki gaba ɗaya na ɗan lokaci, harsashin gini ya nutse ko ya karkace. Wannan ne ya sa garuruwan bakin teku suka fi shiga haɗari, domin yawancinsu a kan irin wannan ƙasa suke. Ga kuma barazanar ambaliyar teku ta tsunami idan ƙasan tekun ta ɗaga, irin ta 26 ga Disamba, 2004, wadda ta taso daga Indonesiya ta kashe fiye da mutum 200,000, ta kai har gaɓar Somaliya.

Girgizar ta sauya fasalin Accra. Dubban mutane sun rasa muhalli ana tsakiyar damina, gwamnatin Gwamna Arnold Hodson ta shiga gina rukunin gidaje a wajen tsohon gari, a wurare irin su Korle Gonno da Mamprobi da Kaneshie da Abossey Okai. Mako goma kacal bayan girgizar yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, hankalin masu mulki ya rabu. Amma birnin ya riga ya fara bazuwa yamma, kuma bai daina ba. A yau gidaje sun cika Weija da McCarthy Hill, wato daidai inda tsage-tsagen nan suka haɗu, inda kuma ƙasa ta sake motsawa a 1997 da 2018 da 2020. Mutanen Accra sun san da haka. Fili ne ya yi tsada a cikin gari.

A Nijeriya ba a taɓa rubuta girgiza mai ƙarfin ta Accra ba, amma ƙasa takan yi gyaran murya. An ji ta a Ijebu-Ode a 1984, a Kwoi ta ƙaramar hukumar Jaba a Jihar Kaduna cikin Satumbar 2016, da Mpape a Abuja cikin Satumbar 2018, inda hukumar birnin tarayya ta dakatar da fasa dutse da haƙar rijiyar burtsatse a yankin na wani lokaci. Masana sukan nuna wata doguwar tsaga da ta taso daga Ifewara a kudu maso yamma ta nufi Zungeru. Cibiyar da ke sauraron motsin ƙasa tana Toro a Jihar Bauchi, maƙwabciyar jiharmu ta Jigawa. Sannan akwai ƙasar Gini: ranar 22 ga Disamba, 1983, girgiza mai maki sama da 6 ta afka wa yankin Gaoual, wurin da ba wanda yake sa shi a lissafi, ta kashe ɗaruruwan mutane.

Dutse fa? Duwatsun da suka rungume Garu, inda fadar sarki take, saiwar tsofaffin duwatsu masu aman wuta ce da suka mutu tun da daɗewa. Masana sun ƙiyasta shekarunsu sama da miliyan 200, suna cikin jerin da ya haɗa da na Birnin Kudu da Shira ya gangara har Jos. Ba abin tsoro a cikinsu, wanda ya kafa gida a kansu ma ya dace da harsashi. Teku tana nesa da mu da ɗaruruwan kilomita. Duk wanda ya ce wa mutanen Jigawa su kwana da fargabar girgizar ƙasa, neman suna yake.

Sai dai rahoton Junner ya shafe mu ta wata fuskar. Jigawa ƙasa biyu ce a ƙarƙashi. Kudanci dutse ne a kusa, amma da ka nufi arewa da gabas, ta Jahun da Kafin Hausa har kwarin Haɗeja, rairayi ne da laka masu kauri suka rufe dutsen. Shi kansa garin Dutse, tun da ya zama hedikwatar jiha a 1991, ya sauko daga gindin duwatsu ya bazu cikin fili, da zuwan jami'ar tarayya a 2011 kuma gini ya ƙara sauri: gidajen haya, ɗakunan ɗalibai, shaguna masu hawa biyu. Wasu a tsofaffin gonaki, wasu a kududdufin da aka cike da shara da ƙasa aka sayar a matsayin fuloti. Irin wannan cikon shi ne mafi munin abin da za a ɗora bene a kai, ko da ƙasa ba ta taɓa motsawa ba.

Mu kuwa muna da mai gwada mana bango duk shekara, wato damina. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Jigawa ya ga yadda gidajen ƙasa suka riƙa zubewa, wasu da mutane a ciki. Ginin ƙasa ba shi ne mai laifi ba. Magina na da sun san sirrinsa: gindin bango ya yi kauri ya riƙa sirancewa yana hawa, azara ta zama ta giginya, indararo ya jefa ruwa nesa, a yi yaɓe kafin ruwan fari. Abin da ya ɓaci shi ne an rage kauri, an bar yaɓen shekara-shekara, an kuma yi gini a hanyar ruwa. A tsaunukan Maroko ma, lokacin girgizar 8 ga Satumba, 2023, wadda ta kashe sama da mutum 2,900, ƙauyukan tubali da dutse ne suka fi asara, domin bango mai nauyi da ba abin da ya ɗaure kusurwoyinsa yana jure nauyin da ke danno shi daga sama, amma ba ya jure turi daga gefe.

Ni dai ginin bulo ya fi ba ni tsoro, saboda yana yaudarar ido. Mai buga bulo yana so buhun siminti ɗaya ya haifa masa fiye da ƙima, sai ka ɗauki bulo ka murza gefensa da yatsa yashi na zuba. Mai gida yana so a rage rodi, ko a sa siriri inda mai kauri ya kamata. Birkila ya ce linta a kan ƙofa da taga kawai ta isa, ba sai ta zagaye ginin ba. A zuba dakin yau, ba a ba shi ruwa ya ƙosa ba, a kwance katako a hau bene. Daga baya filasta da fenti su rufe komai. Wannan lintar da ake ganin ɓarnar kuɗi ce, ita da ginshiƙan kankare a kusurwoyi, su ne ke mayar da bango huɗu abu guda, kuma su ne abu na farko da injiniyoyi ke nema a ƙasashen da girgiza ta zama jiki. Su ne dai ke riƙe gida idan ruwa ya kwana a gindinsa, ko ƙasar ciko ta zauna ta gefe ɗaya.

Nijeriya tana da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006. Mai gina ɗaki biyu da falo a Yalwawa ko Danmasara ba zai karanta shi ba, kuma ba a sa ran ya karanta. Abin da yake hannunsa shi ne ya tambayi dattawan unguwa me ke filin nan kafin a yanka shi, gona ce ko kududdufi, ya jefa bulo ɗaya ƙasa daga tsayin ƙirji kafin ya biya kuɗin mota guda, ya kuma tsaya da kansa ranar da ake ɗaura rodi, domin da zarar an zuba kankare ba mai sake ganin abin da ke ciki. Idan bene ne, kuɗin injiniya da na gwajin ƙasa su shiga lissafi tun kafin a haƙa harsashi, tare da kuɗin siminti da na tifar yashi.