Abin Da Ke Hana RAM Kai Saurin Da Aka Rubuta A Kwalinsa

Masu haɗa kwamfutar tebur da kansu sukan zargi ɗan kasuwa da sayar musu da jabu idan RAM, wato ma'adanar wucin-gadi, ya ƙi bayyana duka ko saurinsa ya gaza. Sau da yawa kuwa matsalar ta saiti ce.

RAM nau'in DDR4 mai lamba 3200 yakan fara aiki a 2133 ko 2400, har sai an shiga BIOS an kunna XMP, ko kuma EXPO a allunan AMD masu DDR5. Idan manhajar CPU-Z ta nuna 1600, babu abin damuwa, domin rabin adadin take nunawa.

Idan an saka gigabait 16 amma kwamfuta ta ga 8 kacal, a cire wuta, a sake danna kowane sanda har maƙallansa su kama. A yawancin alluna masu gurbi huɗu, sanda biyu kan zauna a gurbi na biyu da na huɗu daga firosesa, wato A2 da B2. Windows mai bit 32 kuwa ba ta amfani da fiye da gigabait 4.

Idan fuskar kwamfutar ta yi duhu bayan kunna XMP, cire ƙaramin batirin allon na 'yan mintuna zai maido da saitin asali. Kafin a mayar da kaya shago, a gwada kowane sanda shi kaɗai da MemTest86, domin ta haka ake gano wanda ya lalace.