Tarihin Gari da Haƙƙin Ɗan Gari

Wudil gari ne a bakin kogi, kudu maso gabas da birnin Kano. Hanyar mota da ta tashi daga Kano zuwa Maiduguri ta bi ta kan gadarsa. Ran Juma'a kasuwar Kara take ci, fatake su kawo shanu daga nesa.

Malamin da ya san aikinsa ba ya fara koyar da tarihi da labarin ƙasashen nesa. Daga ƙofar gida yake farawa. Yakan aiki yara wurin tsofaffi su tambayo yadda 'yan fito suke ƙetare da mutane kafin a yi gada. Da yara sun kawo abin da suka jiyo, sai a rubuta a allo, a gwada maganar wannan da ta wancan. Ta haka yaro yake koyon kada ya karɓi labari sai ya bincika.

Daga nan malam ya nuna musu tsarin sarauta, watau mai unguwa, da dagaci, da hakimi, har zuwa Sarki. An daɗe ana danganta ƙasar Wudil da sarautar Makaman Kano, ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarki. Sa'an nan ya jera musu shekaru. Turawa sun ci Kano a 1903. Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960. An kafa Jihar Kano a 1967. A 1976 aka yi gyaran mulkin ƙananan hukumomi, majalisa ta maye gurbin En'e.

Amfanin sanin waɗannan kuwa babba ne. Kuɗin da hukuma take karɓa a kasuwa na jama'a ne, don gyaran hanya da rijiya da ɗakin shan magani. Wanda ya san haka zai biya abin da ke kansa, ya kuma tambayi inda aka kai shi. Wanda bai sani ba, ran zaɓe sai ya sayar da ƙuri'arsa a kan sabulu, ya shekara huɗu yana kuka.

Sai mutum ya cika shekara 18 yake jefa ƙuri'a, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka a aji yara suke zaɓen shugabansu ta ɗaga hannu. Wanda ya faɗi ya yi haƙuri, wanda ya ci ya riƙe amana. Ran shara kuma kowa ya ɗauki tsintsiya, ɗan sarki da ɗan talaka.

Tambayoyi

1. Wace rana kasuwar Kara take ci?
2. Me ya faru a 1967?
3. Don me bai kamata mutum ya sayar da ƙuri'arsa ba?