Ɓarawon da ke yin sallama: jan kunne ga 'yan zango a Makka



A Saudiyya akwai ɓarayin da ba sa fasa ƙofa, mai gida ne ke buɗe musu da hannunsa. Jami'an tsaron ƙasar sun sha sanar da kama masu shigar 'yan sanda suna kutsawa gidajen baƙi. Sai su ce bincike suka zo yi, a fito da igama. Kafin a ankara sun kwashe riyal, zinare da wayoyi.

Tsoro ne jarinsu. Sun san wanda igamarsa ta ƙare ba zai kai ƙara ba, gudun kada a maido shi gida. Alhali dokar Saudiyya ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga mai sojan gona da sunan jami'in tsaro.

Don haka mu kira 'yan uwanmu da ke Misfala da Shara Mansur, mu kuma faɗa wa maniyyatanmu: kada a buɗe wa baƙuwar murya ƙofa. A nemi ganin katin aikinsa tukuna. In a otal ne, a tambayi masu otal ɗin. In zuciya ba ta kwanta ba, a kira 911, lambar gaggawa ta yankin Makka.

Allah ya tsare mana su, ya maido mana da alhazanmu lafiya.