Raƙuman Dawan Nijar: Garken Ya Farfaɗo, Daji Yana Ƙarewa

A shekarar 1996 raƙuman dawa 49 ne suka rage a Nijar, kuma su ke nan irinsu a Afirka ta Yamma baki ɗaya. Dabbar da a dā take yawo daga Senegal har Tafkin Chadi ta dawo ta takure a yankin Kure, kimanin kilomita 60 kudu maso gabas da Yamai. Shekara ashirin da 'yan kai bayan haka sai ƙidaya ta nuna sun haura 600. A nan gida, ƙasar Gumel, inda barewa ta koma dabbar da ake ji a bakin tsofaffin maharba, wannan labari ya cancanci a tsaya a dube shi.

Abin da ya cinye raƙuman dawan ba ɓoyayye ba ne. Farin shekarun 1970 da na 1984 ya kashe itatuwan da suke ci, bindiga ta yawaita, gonaki suka shiga daji. Gwamnatin Nijar ta tsaurara doka a 1998, kashe raƙumin dawa ya zama laifin ɗauri. Sai dai dokar hana farauta akwai ta a kusan kowace ƙasa, har da tamu, kuma ba ta hana namun daji ƙarewa ba. Don haka ban yarda cewa ita ce ta yi aikin ba.

Kure ba gandun daji ne mai shinge ba, ƙasar noma ce ta Zabarmawa. Da damina raƙuman suna kan tudu suna cin geza da taramniya. Da rani sai su gangara kwarin Dallol Bosso, cikin gonaki, saboda gawo, itacen da ke yin ganye lokacin da sauran suka kaɗe. A nan ake haɗuwa da manomi. Raƙumin dawa yana son wake ƙwarai, yana miƙa wuya ya zari harawar da aka ɗora a kan itace don gudun awaki, yana tsinkar mangwaro daga sama. Mutumin da ya wayi gari ya tarar da sawu kamar faranti a gonarsa yana da dalilin ɗaukar gatari. Abin da ya hana shi shi ne an sa masa riba a zaman dabbar. Ƙungiyoyin kare ta sun haƙa rijiyoyi, sun ba mata ƙananan rance, samarin ƙauyuka suka zama 'yan rakiyar baƙi masu biyan kuɗi. An kuma yi sa'a babu zaki a yankin, don haka 'ya'yan suna rayuwa. Wannan muhimmi ne ga dabbar da ke ɗaukar ciki wata 15 ta haifi ɗaya tak.

Nasarar ta zo da nata ciwon kai. Garke ya ninka fiye da sau goma, daji kuwa raguwa yake, domin itacen girkin Yamai daga irin waɗannan tuddai ake saro shi. Koke-koken manoma suka ƙaru. Ga kuma haɗarin tara iri guda a wuri guda: annoba ɗaya ta isa. Shi ya sa a watan Nuwamba 2018 aka ɗauki takwas a mota aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su zuwa gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, inda rabon da a ga raƙumin dawa kusan shekara 50. An ƙara huɗu a 2022, kuma sun fara haihuwa a can. Goma sha biyun da aka kai ba garke ba ne tukuna, iri ne aka ajiye.

Sai ga abin da ba a lissafa da shi ba. Ranar 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga suka kashe Faransawa shida ma'aikatan agaji da 'yan Nijar biyu a Kure, ciki har da shugaban 'yan rakiya. Baƙi suka ɗauke ƙafa. Fahimtar da ke tsakanin manomi da masu kare dabbar, wadda ta rataya a kan kuɗin baƙi, ta yi rauni, alhali dabbar ba ta daina cin wake ba.

Idan aka dawo gida, matsalar Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar ta wuce ta maharbi. Ko yau aka sauke barewa ɗari a nan, ina za su kwana? Gona ta haɗe da gona, makiyaya da burtali sun tsuke har shanun da ake kaiwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ma da ƙyar suke samun hanya. A ganina mataki na farko itace ne, kuma misalinsa yana tsallaken iyaka, a Magarya da Matamaye, inda manoma suka rungumi sassabin zamani: a bar tohon da ya fito daga kututture, a rage masa rassa, a kare shi daga gatari. Ta haka gawo ya dawo gonakin Damagaram da Maraɗi a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5. Manomin ya yi haka ne don taki da abincin dabbobinsa, kuma ya yi ne bayan ya tabbata itacen nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba.